Yadda Hafsa Ke Hawa Daga Dartmouth Zuwa Muƙamin Admiral a Rundunar Sojin Ruwa ta Birtaniya

Wanda zai kai admiral a rundunar sojin ruwa ta Birtaniya yakan shafe kusan shekara 30 a hanya. Tony Radakin ya shiga aiki a 1990, ya zama babban hafsan rundunar a 2019, sannan a ƙarshen 2021 aka ɗora shi a kan sojojin ƙasar baki ɗaya. Tsakanin shiga da wannan kujera akwai matakai, kowanne da jarrabawarsa, da takardar shaidarsa, da shekarun da ake so a ce ka taka shi. Wanda ya makara a mataki ɗaya da wuya ya sake kamo sa'o'insa.

Fara da sanin muƙaman, domin a hannun riga ake karanta su. Sab-laftanar yana da igiyar zinare ɗaya, laftanar biyu, laftanar kwamanda biyu da siririya a tsakaninsu, kwamanda uku, kyaftin huɗu. Daga kwamado igiyar takan zama guda mai faɗi. Riya admiral yana da mai faɗin da ɗaya a samanta, bayis admiral biyu, cikakken admiral uku. Wanda ya san muƙaman sojin ruwan Najeriya ko na Gana ba zai ga baƙon abu a nan ba, don daga wannan tsari aka ɗauko su. Hafsoshin Najeriya da dama ma a kwalejin sojin ruwa ta Dartmouth aka horar da su, ciki har da Murtala Nyako, wanda daga baya ya shugabanci rundunar ruwan Najeriya.

Shiga da horon farko

Ana neman aikin ta shafin rundunar na intanet, kuma ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka gurbi, ɗan damfara ne. Wasu ayyuka a buɗe suke ga 'yan ƙasashe renon Ingila, amma waɗanda suka shafi sirrin ƙasa, musamman aikin jirgin ƙarƙashin ruwa, sai ɗan Birtaniya. Baƙin hafsoshin da ake gani a kwalejin gwamnatocinsu ne suka turo su, kuma gida suke komawa.

Bayan takardun makaranta akwai gwajin basira, da binciken likita, da gudun kilomita 2.4 cikin ƙayyadadden lokaci, sai kwamitin tantance hafsoshi. A da a sansanin HMS Sultan da ke Gosport ake zama, a ba ka katako da igiya da 'yan mutane a ce ka tsallakar da su wani rami. Yanzu yawancinsa ta intanet ake yi: hira, da matsalar da za ku warware a ƙungiya cikin ƙurarren lokaci. Abin da ke kayar da mutane a nan iri biyu ne. Wani ya cika baki ya danne kowa, wani ya yi gum ba a ji ra'ayinsa ba. Wanda ake nema shi ne mai saurare, mai iya lissafin gudu da nisa da lokaci a ka, mai yanke shawara ya kuma faɗi dalilinsa.

Kwalejin Britannia da ke Dartmouth, a bakin kogin Dart a yankin Devon, tana horar da hafsoshi tun 1863, lokacin a cikin tsohon jirgi ake karatun. Ginin da ake ciki yanzu an buɗe shi a 1905. Horon yakan ɗauki kimanin mako 30. Akwai fareti da iyo, da kwanaki a dajin Dartmoor cikin sanyi da ruwan sama da ƙarancin barci, inda ake ba kowa jagoranci bi da bi a ga yadda hankalinsa ke aiki in ya gaji. Akwai tuƙin ƙananan jirage a kogi, sannan makonni a jirgin yaƙi na gaske, inda za ka kwana tare da ƙananan sojoji ka yi aikin da suke yi. Kada ka raina waɗannan makonni. Shekaru masu zuwa kai za ka riƙa rubuta rahoton irin waɗannan mutane, ka ji matsalar gidansu, ka tsaya musu in sun shiga uku.

Tun wajen neman aikin ake zaɓen fanni: yaƙi, injiniyanci, kayan aiki da guzuri, likitanci, ko tuƙin jirgin sama. Wannan zaɓi yana da nauyi fiye da yadda matashi ke zato. Jagorancin jirgin yaƙi na hafsoshin fannin yaƙi ne, matuƙa jiragen sama na cikinsu, kuma daga cikinsu ne kusan duk shugabannin rundunar suka fito. Sauran fannoni ma suna kai mutum ga admiral; Jude Terry, mace ta farko da ta zama riya admiral a 2022, daga fannin kayan aiki ta fito. Sai dai kujerunsu a sama ba su da yawa.

Gadin ɗakin tuƙi

Takardar shaida ta farko da ke da muhimmanci ita ce ta gadin ɗakin tuƙi, wato kyaftin, shugaban jirgin kowane ne muƙaminsa, ya yarda ya je ya kwanta ya bar maka jirgi da rayukan mutum kusan 200. An raba yini gadi-gadi na awa huɗu: ƙarfe 8 na dare zuwa 12, 12 zuwa 4 na asuba, haka har zuwa 4 na yamma, sannan a raba na yamma gida biyu na awa bibbiyu don kada mutum ɗaya ya dawwama a gadin tsakar dare.

Dokokin hana karo a teku na 1972 haddace su ake yi kalma da kalma. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya karkata dama. Idan za su gitta, wanda yake ganin ɗan'uwansa ta damansa shi ne zai kauce, kuma ya kauce da wuri, kaucewar da za a gani a fili, ba ɗan gyare-gyaren da zai rikita wancan ba. Alamar haɗari ɗaya ce kuma ba ta ƙarya: in ka auna kusurwar wani jirgi da kamfas sau biyu ko uku ka ga ba ta sauyawa, alhali nisansa na raguwa, to karo za ku yi.

Kusa da gaɓa ana tabbatar da inda jirgi yake ta hanyar auna abubuwa uku tsayayyu a tudu, kamar hasumiyar fitila ko kan tsauni, a ja layukansu a taswira a ga inda suka haɗu. Ana son a riƙa yin haka duk minti shida, saboda minti shida kashi ɗaya ne cikin goma na awa: jirgi mai tafiyar mil 15 na teku a awa zai ci mil ɗaya da rabi, lissafi ya zo da sauƙi. Mil na teku mita 1,852 ne. Taswirar kwamfuta da tauraron ɗan'adam sun sauƙaƙa aikin, amma ana iya toshe siginar ko a gurɓata ta, don haka har yau ana tilasta wa matashi ya duba da ido da na'urar rada ya gwada da abin da allon ke nuna masa.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne jin nauyin tada kyaftin. Kowane kyaftin yana rubuta umarnin dare, ya faɗi nisan da in wani jirgi zai matso ƙasa da shi a kira shi. Matashi ya ga ƙarfe uku na dare ne, ya ce bari ya ɗan jira ya gani. Kira shi. Kyaftin da aka tada a banza zai koma barci, amma wanda aka kira saura minti biyu a yi karo ba zai sake amince maka ba, kuma hannunsa ne ke rubuta rahotonka.

Daga nan sai aikin hafsan hanya, mai tsara tafiyar jirgi tun daga tashi har shiga tasha. Laftanar mai ƙwazo ya nemi a ba shi ƙaramin jirgi nasa, irin jiragen sintiri na Archer masu tsawon kimanin mita 20. Radakin ya jagoranci ɗaya daga cikinsu, HMS Blazer. Sarki Charles ma, yana ɗan sarki, ya riƙe jirgin farautar nakiyoyi HMS Bronington a 1976. Jirgin ƙarami ne, amma nauyin iri ɗaya ne: babu wanda za ka juya ka tambaya.

Ɗakin yaƙi, da kwas ɗin da ba a maimaitawa

Wajen shekara 30 da haihuwa hafsa yakan tafi makarantar yaƙin teku ta HMS Collingwood a Fareham don kwas ɗin babban hafsan yaƙi. Daga nan aikinsa ya bar ɗakin tuƙi ya koma wani ɗaki marar taga a cikin cikin jirgi, inda bayanan rada da na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa da na jirage masu saukar ungulu ke taruwa. Shi ke yaƙi da jirgin a madadin kyaftin. Makami mai linzami irin Exocet, wanda ya hallaka HMS Sheffield a Mayun 1982 a yaƙin Falkland da aka yi da Ajantina, yana tafe dab da ruwa da gudun kusan kilomita 1,100 a awa. In an hango shi daga kilomita 30, abin da ya rage bai kai minti biyu ba. A cikinsu za a tantance shi, a juya jirgi, a harba abin ruɗarwa, a saki makamin kariya. Shi ya sa horon maimaici ne har sai baki ya riƙa ba da umarni kafin tsoro ya iso.

Masu aikin ƙarƙashin ruwa nasu ya fi tsanani. Kwas ɗinsu na jagoranci, Perisher, yana gudana tun 1917. Malami guda ne ke tafiyar da 'yan ɗalibai kaɗan, a sa jiragen yaƙi su riƙa rugowa kan jirginsu, ɗalibi yana leƙen saman ruwa ta madubin jirgin na 'yan daƙiƙoƙi, yana riƙe lissafin kowane jirgi a ka da agogo a hannu, ya san daidai lokacin da dole ya nutse ƙasa. Abin da malamin ke dubawa shi ne ko ɗalibin ya san iyakar da tsaro ya ƙare. Wanda ya faɗi, a ranar ake sauke shi, kuma ba zai sake aiki a jirgin ƙarƙashin ruwa ba, ko da yake yana iya ci gaba a jiragen saman ruwa. Sandy Woodward, wanda ya jagoranci jiragen yaƙin Birtaniya a Falkland, ya taɓa zama malamin wannan kwas.

Rahoton shekara

Ƙarin girma zuwa laftanar lokaci ne ke kawo shi in ba ka yi laifi ba. Daga laftanar kwamanda zuwa sama kuwa zaɓe ne, kuma kwamitin zaɓen bai san fuskarka ba. Takarda ce a gabansa, rahoton shekara da ake kira OJAR. Shugabanka na kusa ya rubuta, na sama da shi ya ƙara nasa ya kuma gwada ka da sa'o'inka. Rahoton yana magana a kan abu biyu: yadda ka yi aikin da ke hannunka, da ko za ka iya wanda ya fi shi. Na biyun ne ke ɗaga mutum. Hafsoshi da yawa masu aiki tuƙuru sun tsaya cak saboda rahotonsu cike yake da yabon aikin yau, babu jimla ɗaya da ta ce a ba shi jirgi.

Don haka ka zauna da shugabanka tun farkon shekara ku amince a kan abin da ake so ka cim ma, ka nemi ganawar tsakiyar shekara, ka ji gyaranka tun akwai sauran lokaci. Ka yi jarrabawar cancantar jagoranci da wuri, don ba a sa sunan wanda bai ci ta ba a gaban kwamiti. Ka kuma lura da hafsan da ke raba wuraren aiki, domin kusan duk shekara biyu ake sauya wa mutum wuri. Wurin da ya yi maka daɗi, kusa da gida, in ka nemi a bar ka a ciki sau biyu, rahotonka zai nuna mutum mai fanni guda.

Jirginka

Kwamanda ne ke riƙe jirgin yaƙi, ko firigit irin Type 23, ko distiroya irin Type 45, ko jirgin ƙarƙashin ruwa, galibi yana dab da shekara 40. Guraben kaɗan ne ƙwarai: distiroya shida ne kacal, manyan jiragen dakon jiragen sama biyu, HMS Queen Elizabeth da HMS Prince of Wales, waɗanda kyaftin ke riƙewa. Wa'adin bai cika wuce shekara biyu ba. A cikin wannan ɗan lokaci ake yanke hukunci a kan sauran rayuwar aikin mutum, kuma a ganinmu daidai ne a yi hakan, don babu wani ofis da ke fallasa halin shugaba kamar jirgi a tsakiyar teku.

Gwaji na farko shi ne horon FOST a Plymouth, inda ake gwada shirin jirgi da ma'aikatansa. Makonni ana jefa wa jirgin gobara ta ƙarya, da ɓullar ruwa, da mutuwar inji, da harin sama, wani lokaci duka a tare, kowace Alhamis kuma a yi cikakken atisayen yaƙi. Masu dubawa suna bin kowane lungu. Jirgin da ke faɗuwa yawanci ba rashin jarumta ke kayar da shi ba, ƙananan abubuwa ne: ƙofar hana ruwa da aka bari a buɗe, kayan kashe gobara da ba a duba ba, labarin ɓarna da bai iso ɗakin yaƙi daidai ba. Kwamandan da ya ce komai sai ya bi ta hannunsa yakan rushe a mako na biyu. Ka bar wa mataimakinka tafiyar da cikin jirgi, ka bar wa injiniyoyi injinsu, kai ka riƙe abin da ba mai iya riƙe maka.

Yana da kyau a san abin da rundunar ke yafewa da wanda ba ta yafewa. Alan West ya rasa jirginsa HMS Ardent a Falkland a Mayun 1982, mutum 22 suka mutu. An ba shi lambar yabo, kuma a 2002 ya zama babban hafsan rundunar. Asarar jirgi a fagen fama ba ta kashe aiki. Sakaci kuwa ana bin kadinsa. A Yulin 2002 HMS Nottingham ya hau dutsen Wolf kusa da tsibirin Lord Howe na Ostireliya da dare, lokacin da hankalin ɗakin tuƙi ya koma kan sarrafa jirgi mai saukar ungulu aka bar duba taswira. Ma'aikatan sun hana shi nutsewa da ƙyar, a kan wani jirgin dako aka mayar da shi gida, kwamandan da wasu hafsoshinsa suka gurfana a kotun soja. A Oktoban 2010 jirgin ƙarƙashin ruwa HMS Astute ya kafe a gaɓar tsibirin Skye, aka karɓe jagoranci daga kwamandansa.

Abin da ya fi saurin kayar da manya ma ba a teku yake ba. A 2019 an sauke Nick Cooke-Priest daga jagorancin HMS Queen Elizabeth saboda amfani da motar ofis a harkar kansa. A 2025 Ben Key, yana babban hafsan rundunar, ya rasa kujerarsa da aikinsa bayan bincike a kan ɗabi'arsa. Dukiyar gwamnati, da mu'amala da na ƙasa da kai, da giya: duk wanda ya yi wasa da ɗayansu, shekarun da ya tara ba za su cece shi ba.

Akwai kuma nauyin da ke kan iyali, wanda ke fitar da hafsoshi nagari tun kafin kwamiti ya gan su. Ƙa'idar rundunar ta yarda a raba mutum da gidansa har kwana 660 cikin shekara uku, kuma a 'yan shekarun nan wasu sintirin jiragen Vanguard masu ɗauke da makaman nukiliya sun zarce wata shida a ƙarƙashin ruwa. A tattauna wannan da mai ɗaki ko maigida tun kafin a karɓi aikin.

Daga teku zuwa tebur

Bayan jirgi, abin da ake aunawa ya sauya. Wanda zai wuce kyaftin sai ya nuna ya iya kasafin kuɗi, da sayen makamai, da tsara ma'aikata, da rubuta wa minista takarda mai shafi biyu da za ta sa ya yanke shawara. Ana koyon wannan a kwalejin hafsoshi ta haɗin gwiwa da ke Shrivenham, kwas na kusan shekara guda tare da sojojin ƙasa da na sama da baƙi daga ƙasashe da dama. Na gaba da shi akwai gajeren kwas na manyan kwamandoji a can, da Kwalejin Nazarin Tsaro ta Sarauta a Landan.

Wuraren da ake so a gani a takardarka su ne hedikwatar rundunar a tsibirin Whale na Portsmouth, da Ma'aikatar Tsaro a Whitehall, da hedikwatar ayyukan haɗin gwiwa a Northwood, da aiki tare da ƙawaye, ko a NATO ko a Bahrain inda kwamado na Birtaniya ke zaune. Radakin ya yi firigit HMS Norfolk, ya yi aiki a Iraƙi, ya riƙe manyan ofisoshi, ga kuma karatun lauya. Jarumin teku da ke ƙyamar tebur yakan yi ritaya yana kyaftin, kuma ba abin kunya ba ne, don mafi yawan hafsoshi ko nan ba sa kaiwa.

Daga kwamado zuwa sama babu tabbacin gobe. Aiki ɗaya ake ba ka na shekara biyu ko uku, in ya ƙare ba a sami wata kujera da ta dace da kai ba, sai ritaya, komai kyan rahotonka. Riya admiral yakan samu ne wajen shekara 50. Babban hafsan rundunar kuwa Sarki ne ke amincewa da naɗinsa bisa shawarar gwamnati, yakan yi kimanin shekara uku. Muƙamin da ke sama da admiral, mai igiya huɗu a kan mai faɗi, an daina bayar da shi a matsayin ƙarin girma na yau da kullum tun tsakiyar shekarun 1990, sai dai don karramawa. A Mayun 2025 kujerar babban hafsan ta koma hannun Janar Gwyn Jenkins, mutum na farko daga rundunar kundumbala ta Royal Marines da ya riƙe ta.